Wa ya kashe Septimus? Muhawara kan iko da 'yanci a littattafan Ingila na farkon ƙarni na 20

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah waɗanda suka karanta Mrs Dalloway na Virginia Woolf ku taimaka. An ba mu jinga kan iko da 'yancin ɗan Adam a littattafan zamananci na Ingila, kowa a aji ya ruga wajen 1984 na Orwell tunda can abin a fili yake, ga hoton shugaba a kowane bango ga 'yan sanda masu farautar tunani, sai malam ya ce a'a wancan 1949 ya fito, shi yana son mu koma baya tsakanin 1900 da 1930. To ni dai na karanta Mrs Dalloway ɗin, mace ce ta fita sayen furanni da safe za ta yi liyafa da daddare, shi ke nan. Ina ikon yake a nan fisabilillahi?

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin karanta rabin littafin ne, ki koma ki bi ɗaya rabin. Labarin yini ɗaya ne a Landan cikin watan Yuni na 1923, littafin kuma ya fito 1925, amma mutum biyu ake bi waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba. Ga Clarissa matar ɗan majalisa, ga kuma Septimus Warren Smith, yaron da yake ɗan akawu ne ya ba da kansa aikin soja tun farkon yaƙin duniya na ɗaya, aka kashe abokinsa kuma hafsansa Evans dab da ƙarshen yaƙin, ya dawo gida da matarsa Rezia 'yar Italiya mai ɗinkin huluna, daga baya ya fara jin muryoyi yana ganin Evans na fitowa daga bayan itatuwa. Ki duba wa ya kama shi. Ba ɗan sanda ba, ba alƙali ba. Likitoci biyu ne. Na farko Dakta Holmes ya ce lafiyarsa lau, ya je ya yi wasan kurket ya ci abinci ya daina tsorata matarsa. Na biyu Sir William Bradshaw, babban likitan titin Harley mai mota ruwan toka, wanda yake ba kowane majinyaci minti 45, shi cikin 'yan mintoci ya gane ciwon da gaske ne, amma maganinsa shi ne a raba shi da matarsa a kai shi wani gida a ƙauye ya kwanta, ba baƙi ba littafi ba saƙo. Rezia ta ce ba ta yarda ba, ya ce mata cikin ladabi tunda ya ambaci kashe kansa maganar ta zama ta doka. Ga ikon nan, cikin kwat da murmushi.

Maman Husna:
Malam Allah ya ƙara ilimi, wlh wurin nan ne ya tsaya min a rai. Ba tsawa ba duka, amma mutumin ba shi da ta cewa a kan jikinsa. Kuma Woolf ta tsayar da labarin cak ta yi shafuka tana caccakar Bradshaw, ta ce gumaka biyu yake bauta wa, ɗaya Daidaito, wato kowa ya auna rayuwa da mudun Sir William, ɗayar kuma ƙanwarta ce mai cin ran mutane ta juya su su koma irinta, kuma ta ce wannan ta biyun tana can tana aiki a zafin Indiya da fadamun Afirka da lungunan Landan. Har matarsa Lady Bradshaw an ce da can mace ce mai kuzari tana kamun kifi abinta, shekara 15 ke nan ta sallama, ba faɗa aka yi ba, a hankali dai ra'ayinta ya nutse cikin nasa.

Likitan Dare:
Ku yi haƙuri ni kam zan ɗan kare abokin sana'a hhh. Hajiya Maman Husna a ce ke ce a kujerar nan, an kawo miki mutum yana magana da matacce, ya faɗa da bakinsa zai kashe kansa, shekarar 1923 ba allura ba ƙwayoyin da muke da su yanzu, me za ki yi? Ki sallame shi ya tafi gida? Ko yau ɗin nan duk inda ake kula da masu taɓin hankali akwai lokacin da ake riƙe mutum ba da son ransa ba don a ceci ransa. Woolf ta rubuta abin ne da ɗacin rai domin ita kanta an sha kwantar da ita irin wannan kwanciya, a cika ta da madara a hana ta rubutu, to dole likita ya fito mugu a alƙalaminta. Ba na cewa Bradshaw waliyyi ne amma a yi adalci.

Malam na Tudun Wada:
Likita ai ba riƙewar ce laifinsa ba. Ka koma ka karanta ganawar. Septimus yana ta ƙoƙarin ya faɗi wani abu, yana in'ina yana cewa ya aikata laifi, likitan bai tsaya ya ji ba, yana ta cike katinsa. Kuma da ya ga yaron da tsofaffin kaya sai ya ji haushinsa, da Septimus ya yi masa ɗan gatse sai ya rubuta shi a matsayin alamar ciwo. Wato duk abin da ka faɗa don ka kare kanka shi ne hujjar cewa ba ka da hankali. Ta ina za ka fita? Sannan littafin ya faɗa ƙarara cewa ta hannun irinsu Ingila take killace mahaukatanta, take hana su haihuwa, take hukunta mai yanke ƙauna, kuma idan lallashi ya ƙi to 'yan sanda na bayansa. Kuɗin shigarsa fam 12,000 a shekara.

Likitan Dare:
Wannan na rashin sauraro na karɓa Malam. Shi ne ciwon sana'armu har gobe.

Baban Walid:
Ku ƙara da tarihin da ke bayan abin. Lokacin yaƙin 1914 zuwa 1918 sojan da ya firgice ya kasa komawa fagen daga sau da yawa matsoraci ake ce masa, sojojin Birtaniya da na ƙasashen da ke ƙarƙashinta 306 aka harbe bisa laifuffuka irin su gudu da tsoro, sai 2006 aka yi musu afuwa. Shi ya sa kalmar da Holmes ya furta bayan Septimus ya faɗo daga taga take da nauyi, matsoraci ya kira shi. Mutumin da ya yi yaƙin tun daga farko har ƙarshe aka ƙara masa girma, likitan unguwa ne yake ce masa matsoraci. Sannan abin da ya fi ba ni takaici, Peter Walsh tsohon saurayin Clarissa da ya dawo daga Indiya yana tafiya a titi ya ji ƙararrawar motar asibitin da ta ɗauko Septimus, bai san wa ke ciki ba, sai ya hau yabon wayewar Landan a ransa, wai dubi yadda motoci ke kaucewa ana ba marar lafiya hanya. Woolf ba ta ce komai ba ta wuce abinta.

Ɗalibar Adabi:
Kai! Wlh na karanta wurin nan ban haɗa su ba. To amma ga tambayata ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna. Da labarin mutuwar ya iso wurin liyafa ta bakin Lady Bradshaw, Clarissa ta shige wani ɗan ɗaki ita kaɗai ta yi ta tunani, ƙarshe ta ji kamar ta yi murna da ya yi hakan, wai ya tsare wani abu nasa da su suke barin ya lalace cikin surutu da ƙarya. Malaminmu ya ce wai wannan shi ne 'yanci. Ni kam ban gamsu ba.

Abu Sumayya:
Kin yi daidai da ba ki gamsu ba ƙanwata. Kashe kai ba 'yanci ba ne ta kowace fuska, rai amana ce ba mallakar mutum ba, kuma ni abin da yake ba ni tsoro da irin waɗannan littattafan ke nan, a ɗauko halaka a yi mata ado da lafazi mai daɗi a miƙa wa yara a aji. Mutanen da suka yar da addini suka rasa inda za su dafa su ne za su koya mana ma'anar 'yanci?

Maman Husna:
Malam Abu Sumayya babu mai jayayya da kai a hukuncin, amma ka karanta wurin kuwa? Domin littafin bai yi wa mutuwar ado ba sam. 'Yan mintoci kafin nan shi ne lokacin da ya fi kowane daɗi a aurensu, yana zaune da Rezia suna haɗa hular wata mata suna dariya, ya dawo hayyacinsa, ita kuma ta ce duk inda za a kai shi tare za su tafi. Sai ga Holmes a matakala, ta tare shi ta ce ba zai shiga ba, ya ture ta ya hau. Septimus ya zauna a bakin taga yana jira har daƙiƙar ƙarshe, kuma an rubuta a fili cewa ba ya son ya mutu, rayuwa da daɗi, rana na da ɗumi. Wanda ba ya son mutuwa aka matsa shi har ya faɗa kan ƙarafunan shinge, wannan ai ba zaɓi ba ne, kora ce. Ni a wurina littafin ƙara ya shigar, ba yabo ya yi ba.

Abu Sumayya:
To murnar Clarissa fa Hajiya? Ita ma ƙara ce?

Maman Husna:
Ita ce ma babbar shaida. Matar da firaminista ya zo gidanta a daren, ta ɗauki mutuwar ɗan talaka ta yi numfashi da ita na minti kaɗan sannan ta gyara riga ta koma wajen baƙinta. Ta gane Bradshaw mugu ne, ta faɗa a ranta cewa irinsa suna danne ran mutum, amma ita ta gayyace shi kuma gobe ma za ta gayyace shi.

Malam na Tudun Wada:
A nan ni da Hajiya mun ɗan rabu. Kada a mai da Clarissa muguwa kawai, ita ma a ɗaure take sai dai igiyarta ta alharini ce. Tana tafiya a titin Bond ta ji kamar ta ɓace, ba Clarissa kuma, sai matar Richard Dalloway. Lady Bruton ta gayyaci mijinta cin abincin rana don a rubuta wa jaridar Times wasiƙa kan tura matasa Kanada, ita ba a gayyace ta ba, ta hau sama ɗakinta ta kaɗaita. Ta ƙi auren Peter tun suna matasa domin shi komai sai an raba da shi, komai sai ya tona, ta zaɓi Richard saboda zai bar mata ɗan fili a cikin ranta. Wannan ɗan filin shi ne duk abin da ta mallaka, shi ne kuma ta gane Bradshaw yana ƙwace wa mutane. Kuma Woolf da kanta ta bayyana a gabatarwar bugun 1928 cewa a tsarin farko babu Septimus, Clarissa ce za ta mutu a ƙarshen liyafar. Ku tuna sai 1918 matan da suka kai shekara 30 suka samu ƙuri'a a Birtaniya, sai 1928 aka daidaita su da maza.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum, na makara. Ni da Faransanci na karanta shi amma akwai abin da ba ku taɓo ba, agogo. Big Ben yana bugawa tun daga farkon littafin har ƙarshe, yana yanka yinin gunduwa gunduwa, mai kuɗi da matalauci kowa na ji, sha biyun rana daidai Clarissa ta ajiye koriyar rigarta a kan gado su Septimus kuma suna titin Harley za su ga likita. Sunan da Woolf ta fara sa wa littafin ma Sa'o'i ne. In kuna son ganin inda aka kai wa agogon hari sai ku ɗauko The Secret Agent na Joseph Conrad na 1907. Ya gina shi kan abin da ya faru da gaske a Fabrairun 1894, wani Bafaranshe Martial Bourdin bam ya tashi da shi a kusa da gidan nazarin taurari na Greenwich, wurin nan dai da ake auna lokacin duniya da shi tun taron 1884, wanda muke ji kullum a rediyo ana cewa ƙarfe kaza agogon GMT.

Baban Walid:
Yauwa ɗan'uwa, wannan littafin ne nawa. Abin dariya abin kuka. Verloc yana da ɗan shago a unguwar Soho ta Landan, a fili ɗan tawaye ne, a ɓoye yana karɓar albashi daga ofishin jakadancin wata ƙasa, a ɓoyen ɓoye kuma yana kai wa sufeto Heat rahoto. Wanda ya ba da umarnin a tayar da bam ɗin ba ɗan tawaye ba ne, jami'in jakadanci ne Mista Vladimir, so yake a firgita Ingila ta daina sassauci ta fara kame. Wato masu riƙe da iko su ne suke ƙera tsoron da za su yi mulki da shi. Su kuwa 'yan juyin juya halin sai zama a bayan shago ana surutu, yawancinsu ma mata ke ciyar da su. Wa ya mutu? Stevie, ƙanin matar Verloc, yaro mai raunin hankali wanda ko doki aka daka sai ya yi kuka, shi aka ba gwangwanin ya yi tuntuɓe. Da adireshin da yayarsa Winnie ta ɗinke masa a kwat don kada ya ɓata aka gano gidan.

Maman Husna:
Winnie kam ta fi Clarissa ba ni tausayi nesa ba kusa ba. Ta bar wanda take so ta auri Verloc don kawai uwarta da ƙaninta su samu wurin kwana, shekara bakwai tana haƙuri ba ta tambayar komai. Akwai inda Stevie ya tambaye ta amfanin 'yan sanda ta ce masa suna nan ne don kada marasa shi su taɓa kayan masu shi, haka kawai ba ko ɗaga murya. Ranar da ta gane mijin ne ya kai yaron ga mutuwa, Conrad ya yi ta nanata cewa yanzu ta zama 'yantacciya, ba abin da ya ɗaure ta. To me ta yi da 'yancin? Ta soka masa wuƙar yanka nama, tsoron rataya ya kama ta, Ossipon, ɗaya daga cikin 'yan tawayen, ya yaudare ta ya gudu da kuɗin ya bar ta a jirgin ƙasa, ƙarshe ta faɗa teku daga jirgin ruwa. 'Yancin sa'o'i kaɗan ne.

Abu Sumayya:
Kun gani ko. Duk wanda ya ɓalle a littattafan nan kabari yake nufa. Ba mafita ko ɗaya.

Ɗan Damagaram:
Akwai wanda ya rayu Malam, Dakta Aziz a A Passage to India na Forster, 1924, kuma Musulmi ne ma. An zarge shi da taɓa wata Baturiya Adela a kogunan Marabar, Turawan garin kusan kaf suka haɗe kai a kulob ɗinsu tun kafin a shiga kotu sun yanke hukunci, sai ita yarinyar ta tsaya gaban alƙali ta janye zargin. An sake shi. Amma me ya rage? Mutumin da a farko ya haɗu da tsohuwa Misis Moore a masallaci ya ga ta cire takalmi ya ji ta shiga ransa, wanda ya cire maɓallin wuyan rigarsa ya ba abokinsa Bature Fielding don zumunci, shi ne ya koma ba ya son ganin Bature, ya bar yankin da Ingila ke mulka kai tsaye ya koma wata masarauta. A ƙarshe suna kan dawaki shi da Fielding suna son su zama abokai, littafin ya ce ba yanzu ba. Ronny alƙalin garin ya faɗa wa uwarsa Misis Moore tun farko cewa ba su zo Indiya don su yi wa kowa daɗi ba, sun zo yin shari'a da tsare zaman lafiya ne.

Malam na Tudun Wada:
Wannan harshen kuwa kakanninmu sun ji shi da kunnensu. Littafin Lugard kan mulkin Afirka, The Dual Mandate, 1922 ya fito, tsakaninsa da na Forster shekara biyu. Kuma mijin Woolf ɗin ma, Leonard, ma'aikacin mulkin mallaka ne a Silon, wato Sri Lanka ta yanzu, daga 1904 zuwa 1911 kafin ya ajiye aikin, saboda haka da ta ambaci Indiya da Afirka a maganar Bradshaw ta san abin da take faɗa, a gidanta aka san shi.

Baban Walid:
Amma Malam kada mu wanke su tas. Achebe ya tsaya a Amherst ta Amurka a 1975 ya ce Conrad mai wariyar launin fata ne saboda yadda ya mai da 'yan Afirka a Heart of Darkness, ba suna ba magana. Ita Woolf da take kukan 'yanci ta ce a 1929 mace na bukatar ɗakinta da fam 500 a shekara kafin ta yi rubutu, to Lucy mai aikin gidan Clarissa da take ta goge azurfa tun safe fa, nawa ne nata? An shiga kanta na ɗan lokaci, me aka samu a ciki, tana alfahari da uwar ɗakinta. Suna ganin sarƙar da ke wuyansu sarai, ta wuyan mai yi musu shara ce ba su cika gani ba.

Maman Husna:
Gaskiya ne, amma ko su ɗin ba a bar su sun sake ba. The Rainbow na D. H. Lawrence kotu ta sa aka kwashe aka lalata a 1915, Ulysses na Joyce sai a Faris aka buga shi 1922, bai samu fitowa a Ingila ba sai 1936. Woolf ta tsira ne don ita da mijinta sun sayi injin buga littafi sun kafa Hogarth Press a 1917, ba editan da zai ce mata cire nan. Ina ganin shi ya sa suka koma cikin kan mutum da alƙalaminsu, tunda waje an tsare ko'ina.

Likitan Dare:
Ni fa har yanzu ina nan kan bakana a abu ɗaya. Ko da Bradshaw ya saurare shi awa uku, yaron yana bukatar magani da kulawa, ciwo ne na gaske ba hikima ba, kada ɗalibai su fita da tunanin cewa duk mai jin muryoyi wani mai gani har hanji ne da al'umma ta ƙi fahimta. Wanda yake da irin wannan a gida don Allah a kai shi asibiti.

Malam na Tudun Wada:
Ba wanda ya ce kada a kai shi Likita. Rezia ce ma da ƙafarta ta kai shi, har wurin likita biyu. Abin da ta roƙa kawai kada a raba su, shi ne aka ce doka ta hana.

Ɗalibar Adabi:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, jingar ta samu ƙafa. Zan ɗauki Bradshaw da Vladimir da Ronny in jera su, sai dai shafi biyar kawai aka ce kuma ranar Litinin za a karɓa. Malam na Tudun Wada maganar gabatarwar 1928 ɗin nan a wane bugu zan same ta? Nawa kwafin hoto ne, daga sayen furanni ya fara.

Malam na Tudun Wada:
Bugun Modern Library ne na Amurka 'yata, wasu sababbin bugu suna sako ta a ƙarshe. Ki duba laburaren sashenku, in babu ki yi min magana gobe bayan la'asar in ɗauko miki hoton shafukan.